Ra'ayi: Kafin a buɗe kanti a intanet, a fara gyara takardar farashi

A ɗauki misalin wani matashi ɗan Tasawa da ke aikin gini a Abijan. Ya yi wata takwas yana tara kuɗi, yana so ya sa wa mahaifiyarsa wutar sola a gida kafin zafin watan Afrilu ya kankama. Ya ga hotunan faifai da batura a shafin Facebook na wani kanti a Maraɗi, sai ya tura saƙo ta WhatsApp yana tambayar nawa ne. Yaron kanti ya amsa masa da saƙon murya, ya faɗi kuɗi. Bayan kwana huɗu, da ya tashi aika kuɗin, Alhaji mai kantin ya ce ai wancan farashin na tsohon kaya ne, kuma babu kuɗin wayoyin wuta da ladan mai haɗawa a ciki. Matashin ya cika, kaya suka isa Tasawa. Da mai haɗawa ya zo, sai ya tarar na'urar juya wuta tana aiki da bolt 24, batir kuwa guda ɗaya aka aiko mai bolt 12. Dole a sayi na biyu.

Babu ɓarawo a cikin wannan labari. Yaron kanti ya faɗi farashin da ya sani, Alhaji ya faɗi wanda ya sayo sabon kaya a kansa, mai saye ya nemi abin da ya gani a hoto. Amma duk wanda ke zaune a Legas, Akara, Tarabulus ko Faransa, yana aiko da kuɗi gida don gini, ko sola, ko injin ban ruwa, ya san yadda irin wannan ciniki ke ƙarewa: kuɗi sun ƙaru, zumunci ya yi tsami, an fara zargin ƙanin da aka wakilta.

Ana yawan cewa maganin wannan shi ne ƴan kasuwar Nijar su buɗe shagunan intanet. Maganar tana da kamshin gaskiya, sai dai ta tsallake mataki guda. Shagon intanet yana iya sayar da takalmi ko sabulu, domin abu ɗaya ne mai farashi ɗaya. Kayan da suka fi cin kuɗin ƴan ci-rani da masu gini kuwa, wato sola, tagogi da ƙofofin alminiyom, rufin kwano, famfon rijiyar burtsatse, kayan sanyaya ɗaki, sai an auna, an haɗa, an lissafa kafin a san kuɗinsu. Duk shagon da bai iya wannan lissafi ba, allon talla ne kawai, cinikin zai koma saƙon murya kamar da.

Abin da ake nufi da haɗa shago da tsarin farashi

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane wannan matsala, kuma suna da manhajoji biyu daban don magance ta. Ta farko ita ce shagon kansa: shafin da mai saye ke gani, da hotuna, da kwandon zuba kaya, da wurin biya. A yau yawancin irin waɗannan shaguna ba a ajiye su a kwamfutar mai kanti. Suna zaune ne a manyan rumbunan kwamfuta na wasu kamfanoni, ana hayarsu wata-wata ta intanet, abin da ake kira gajimare. Shopify na Kanada da Commerce Cloud na kamfanin Salesforce na Amurka suna cikin sanannu.

Ta biyu ita ce wadda ake kira CPQ, haruffa uku da ke nuna ayyuka uku. Aikin farko shi ne haɗa kaya: manhajar tana ɗauke da dokoki da ke faɗin abin da ke tafiya da wani da abin da ba ya tafiya. Aiki na biyu shi ne yanke farashi: kuɗin kowane ɓangare, ragin da ake yi wa mai sayen sari, haraji, kuɗin mota. Na uku shi ne fitar da takardar ƙiyasi, wadda a Nijar aka fi sani da sunanta na Faransanci, devis, mai lamba, da jerin kaya, da ranar da farashin zai daina aiki.

Haɗa su biyun na nufin idan mai saye ya shiga shago ya ce yana da firji ɗaya, fanka biyu, talabijin da fitilu shida, shagon zai miƙa wannan bayani ga manhajar lissafi ta wata ƙofar sadarwa da masu sana'ar ke kira API. Manhajar ta zaɓo kayan da suka dace da juna, ta lissafa kuɗin, ta dawo da amsa cikin daƙiƙu. Idan ya amince, takardar ƙiyasin ta zama oda kai tsaye, babu wanda zai sake kwafe ta da hannu, kuma ma'aji ya ga abin da zai fitar daga sito.

Tunanin ba sabo ba ne. A 1978 wani malami a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, John McDermott, ya rubuta manhajar da aka fara kira R1, daga baya XCON, don kamfanin kwamfuta na DEC. Masu tallan kamfanin suna ta karɓo odar kwamfutocin VAX da ɓangarorinsu ba su dace da juna ba, ko an manta wata waya, ko wani allo. Daga 1980 manhajar ta fara duba oda kafin a haɗa kaya, tana aiki da dokoki da aka tattaro daga bakin injiniyoyin kamfanin. A 1996 kamfanin Dell ya buɗe wa kowa wannan dama a intanet: mutum ya zaɓi girman ƙwaƙwalwar kwamfutarsa da na ma'ajiyarta, farashi yana canzawa a gabansa. Matsalar batirin Tasawa ita ce dai matsalar DEC, shekara 40 da ɗoriya bayan an samo mata magani.

Darasin manyan kamfanoni

Kafin wani ya yi zumuɗin cewa a sayo irin manhajar Amurka a kafa a Maraɗi, yana da kyau a duba yadda su kansu masu manhajar suka sha fama. Oracle ya sayi kamfanin BigMachines a 2013 don ya samu manhajar ƙiyasi. A shekarar ce SAP na Jamus ya sayi Hybris don ya samu shagon intanet, sannan a 2018 ya sayi CallidusCloud kan dala biliyan 2.4, wanda ke da tasa manhajar ƙiyasi. Salesforce ya sanar da sayen SteelBrick a ƙarshen 2015 kan kimanin dala miliyan 360, ya sayi Demandware a 2016 kan dala biliyan 2.8, ya ƙara da CloudCraze a 2018 don cinikin kamfani da kamfani.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗayansu ya sayi shago a wuri ɗaya, ya sayi manhajar lissafi a wani wuri. An gina su daban, kowace da yadda take rubuta sunan kaya da yadda take lissafa ragi. Duk da tambari ɗaya ne a kansu, kamfanin da ya yi hayarsu sai ya ɗauki ƙwararru su ɗinke su da juna, aikin da kan ɗauki watanni. A watan Maris na 2025 kuma Salesforce ya daina sayar da tsohuwar manhajarsa ta CPQ ga sababbin masu saye, ya karkata su zuwa wani sabon tsari da ya gina. Waɗanda suka kashe kuɗi da shekaru suna gina dokokinsu a kan tsohuwar, yanzu suna lissafin yadda za su ƙaura.

Darussa biyu ne a nan ga ɗan kasuwar Damagaram ko Tawa. Na farko, wahalar aikin tana wurin ɗinkin, wato sa shago da lissafi da sito su riƙa faɗin magana ɗaya. Na biyu, manhaja tana zuwa ta wuce. Abin da ke zama dukiyar mai kanti shi ne jerin kayansa da dokokin farashinsa, idan ya rubuta su a inda zai iya ɗauka ya tafi da su.

Inda ɗinkin ke yagewa

Akwai wurare sanannu da irin wannan haɗi ke lalacewa, kuma kowane ɗaya yana da kamarsa a kasuwar gida.

Na farko shi ne farashi biyu. Idan shago yana da nasa jerin farashi, manhajar ƙiyasi tana da nata, ba za a yi mako guda ba sai sun saɓa. Daidai yake da yaron kanti da Alhajinsa, kowa da abin da ya faɗa. Doka ita ce a zaɓi wuri guda da zai zama uwar farashi, sauran duk su riƙa tambayarsa.

Na biyu shi ne sunan kaya. Batir ɗaya yana iya zama “babban batir” a bakin yaro, “200 mai ruwa” a littafin ma'aji, wani suna kuma a takardar duwan. Kwamfuta ba ta san duk abu ɗaya ba ne. Sai an ba kowane kaya lamba guda da ba ta canzawa, kowa ya riƙa kiransa da ita.

Na uku shi ne sito. Takardar ƙiyasi ta yi alkawarin faifai huɗu, amma kafin mai saye ya aiko da kuɗi daga Abijan an sayar da su ga wanda ya zo da ƙafarsa. Tilas tsarin ya faɗi ko takarda tana riƙe kaya, da tsawon kwanakin da za ta riƙe, da kafin alƙalamin da za a bayar don a riƙe.

Na huɗu shi ne wa'adi, kuma a Nijar wannan ya fi nauyi fiye da a Turai. Kuɗin CFA a ɗaure yake da euro, 655.957 kan euro ɗaya, amma kaya da yawa na Maraɗi, Ƙwanni da Damagaram daga Kano suke shigowa, da naira ake sayensu. Tun watan Yuni na 2023 da Najeriya ta saki darajar naira, canji yana iya motsawa cikin kwanaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 kuma iyakar Benin ta rufe, kayan da a da ke bi ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayarin motoci da rakiyar soja, hanya ta ƙaru, kwanaki suka ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru. Ɗan kasuwar da ya ƙi rubuta farashi a irin wannan yanayi yana da hujja, yana tsoron a kama shi da maganar jiya. Amsar tsoronsa tana cikin takardar: a rubuta cewa farashin yana aiki har kwana uku, ko bakwai, bayan haka a sake lissafi. Mai saye ya san kwanakin da yake da su, mai kanti ya san iyakar alkawarinsa.

Na biyar shi ne yankewar layi. Mutum ya danna biya, intanet ta ɗauke, ya sake dannawa, oda ta shiga sau biyu. Manhajar da aka gina da kyau tana ba kowane ciniki lamba tun farko, ta yadda ko an aiko shi sau goma, sau ɗaya za ta karɓa. Wanda zai gina wa kasuwar Nijar tsari bai yi tanadin wannan ba, bai san inda yake aiki ba.

Ilimin yana cikin kan Alhaji

A koma kan gidan Tasawa. Fitilu shida masu wat 10, awa shida a dare, sun ci 360. Fanka biyu masu wat 60, awa goma, sun ci 1,200. Talabijin mai wat 80, awa biyar, 400. A ƙaddara firji yana cin 1,200 a yini. Jimilla 3,160 ke nan a ma'aunin wat a awa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma idan irin mai darma ne ba a son a riƙa zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Da ranar Nijar, da asarar da zafi da ƙura da wayoyi ke jawowa, gidan yana buƙatar faifai da suka kai wat 800, misali biyu masu 400. Na'urar juya wuta mai bolt 24 tana buƙatar batir biyu masu bolt 12 a jere, mai bolt 48 tana buƙatar huɗu. Firji kuma idan zai tashi yana jan wuta ninkin abin da yake ci a tafiya, don haka dole na'urar ta fi ƙarfin jimillar kayan gidan.

Duk ƙwararren mai haɗa sola a Maraɗi ya san wannan a kansa. Haka mai walda ya san tsawon ƙarfen da taga mai faɗin mita ɗaya da rabi ke ci, mai rufi ya san bandir nawa na kwano ɗaki huɗu ke buƙata, mai famfo ya san zurfin rijiya da ƙarfin injin da zai ɗago ruwanta. Waɗannan su ne dokokin da manhajar CPQ ke aiki da su. Babu kamfanin Amurka da zai kawo su a kwali. Matsalar ita ce suna cikin kan mutum ɗaya, idan ya tafi Umra ko ya kwanta ciwo, kanti ya koma zato.

Shi ya sa aikin farko na matashin da ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko ta André Salifou ta Damagaram, ba ya buƙatar rubuta manhaja ko layi ɗaya. Ya zauna da mai kanti da littafi da biro na mako biyu, yana tambaya: “Alhaji, idan mutum ya ɗauki wannan, me ya zama dole ya haɗa da shi? Wane ne ba ya tafiya da wane? Daga guda nawa ake fara ragi? Ina ne ƙarshen ragin da yaro zai iya yi ba tare da ya kira ka ba?” Amsoshin su shiga jadawali guda mai tsabta. Wanda ya yi wannan ya gama rabin aikin, kuma rabin da ya fi wuya ne.

Sai bayan haka a zaɓi manhaja, kuma a zaɓi daidai aljihu. Manyan manhajojin gajimare ana biyansu ne kan kowane ma'aikaci a kowane wata, da dala ko euro, ban da ladan ƙwararrun da za su ɗinke su. An yi su ne don kamfanoni masu ɗaruruwan ƴan talla. Akwai waɗanda suka fi dacewa da kanti mai ma'aikata biyar ko goma. Odoo, wadda Fabien Pinckaers ya fara a Beljiyam a 2005, tana da nau'in da ake amfani da shi kyauta, haka ERPNext ta Indiya. Amfaninsu shi ne ƙiyasi, sito, takardar biya da shagon intanet duk suna zaune a kan rumbun bayanai guda, don haka ɗinkin da ya wahalar da manya ya ragu ƙwarai. Ba su kai manyan zurfi wajen dokokin haɗa kaya ba, amma dokokin kantin sola guda 30 ko 40 ba su fi ƙarfin matashi mai haƙuri ba.

Shagon ma ba dole ya zama shi ne ƙofar shiga ba. Mutane suna WhatsApp, can za a same su. Abin da ake buƙata shi ne idan hira ta kai ga “nawa ne”, yaron kanti ya shigar da buƙatar a manhaja, ta fitar da takarda mai lamba, ya tura ta a cikin hirar. Saƙon murya ya zama bayani, takarda ta zama shaida.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa wannan tsari zai kashe ciniki irin na Bahaushe, na tayi da “albarka” da “na sallama”. Ba haka ba ne. Manhajojin ƙiyasi an gina su ne tun asali don cinikin da ake tayawa, tsakanin kamfani da kamfani. Suna da farashin fara magana, da iyakar ragin da ɗan talla zai iya yi, da matakin da sai shugaba ya sa hannu. Abin da ke canzawa shi ne idan an sallama, maganar ta shiga takarda, ba ta sake tashi gobe.

Wasu kuma suna ganin rubuta komai baƙon abu ne da aka kwaso daga Turawa. Tarihin kasuwancin ƙasar Hausa bai goyi bayansu ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Malaman fiƙihu sun shar'anta wa cinikin salam, wanda ake biya kafin kaya su zo, a san siffar kaya da yawansu da lokacin kawo su. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, wanda mazhabarsa ce ake bi a Nijar, akwai babi a kan sayar da kaya bisa barnamaj, wato takardar da ke bayyana abin da ke cikin ƙunshi ba tare da an kwance shi ba, kuma cinikin yana tabbata idan kayan sun dace da abin da aka rubuta. Ɗan ci-ranin da ke saye daga Abijan bai ga kaya ba, a kan siffa yake saye. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ita ma tana ɗaukar tayi a matsayin cikakke ne idan ya fayyace kaya da yawansu da farashinsu, ko ya nuna yadda za a gano su.

Hujja ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa a fili ba: tsoron haraji. Ɗan kasuwar da ya rubuta cinikinsa a manhaja yana jin ya buɗe wa hukuma littafinsa, ga TVA na kashi 19 cikin 100 yana jira. Wannan tsoro na gaske ne, kuma babu amfanin a yi kamar babu shi. Amma hukumar haraji ta DGI ta riga ta shigo da takardar biya mai shaidar hukuma ta hanyar tsarin SECeF, kuma duk mai son sayar wa ma'aikatu, kamfanoni ko ƙungiyoyin agaji ya san ba zai kauce mata ba. Wanda tsarinsa ke fitar da ƙiyasi, ya mayar da shi oda, ya kai shi ga takardar biya ba tare da sake kwafi ba, shi zai riga sauran cin wannan kasuwa. Nauyin da ke kan hukuma shi ne ta sauƙaƙa wa matasa masu gina manhaja hanyar jona aikinsu da nata tsarin, da bayani a fili, kuma kada ta mayar da wanda ya fara rubuta cinikinsa saniyar tatsa alhali maƙwabcinsa da bai rubuta komai ba yana zaune lafiya. Idan gaskiya ta zama asara, babu wanda zai zaɓe ta.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi ƙarfi: dogaro da gajimare a ƙasar da wuta da intanet ba su da tabbas. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin. Ranar 14 ga Maris na 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsalar sadarwa ta kwanaki. Rumbunan gajimare na manyan kamfanoni suna nesa, a Turai ko Afirka ta Kudu. Saboda haka tsarin da ya dace da Nijar shi ne wanda ke iya fitar da ƙiyasi ko babu layi, da jerin farashin da ya sauke da safe, ya daidaita da uwar farashi idan layi ya dawo. Mai kanti kuma ya riƙa sauke kwafin bayanansa kowane mako ya ajiye a hannunsa. Sunayen masu saye da lambobinsu amana ce, kuma akwai hukumar HAPDP da doka ta ɗora wa kare irin waɗannan bayanai. Wanda zai ajiye su a wajen ƙasa ya san abin da dokar ta ce kafin ya fara.

Sai batun karatu. Yawancin iyayen da ake saya wa kayan ba sa karanta Faransanci. Takardar ƙiyasi da ba a fahimta ba ba ta kare kowa. A sa hoton kowane kaya kusa da sunansa, a rubuta da Hausa ko Zabarmanci, a rubuta kuɗi yadda mutane ke ƙirga su. A kasuwar Nijar ana lissafi da dala da jika, dala ɗaya CFA biyar, jika ɗaya CFA 1,000. Manhajar da ta rubuta 500 ba ta faɗi ko CFA ne ko dala ba, ta buɗe ƙofar rigima da kanta.

Wanda zai fara

Ba a buƙatar jiran gwamnati ko wani babban shiri kafin a fara. Masu kuɗin su ne ke da ƙarfin sa kasuwa ta canza. Ɗan ci-ranin da zai aika kuɗi ta Nita, Amana ko Al Izza don sayen sola ko kayan gini yana da ikon cewa ba zai aika ba sai ya ga takarda mai ɗauke da abu biyar: lambar takarda, sunan kowane kaya da ƙarfinsa da yawansa, abin da ke cikin farashin da abin da ba ya ciki, ranar da farashin zai ƙare, da ranar kai kaya. Idan an ce masa ai amana ce, ya amsa da ladabi cewa takardar tana kare amanar ne, tana kuma kare ƙaninsa da zai je karɓar kayan daga zargi. Kantin da ya ga masu saye goma sun juya saboda rashin takarda, zai nemi wanda zai gina masa tsarin kafin wata ya ƙare.

Su kuma matasan da ke neman abin yi a fannin kwamfuta su rage gina shafuka masu ƙyalli da babu wanda ke saye a cikinsu. Kowane gari yana da masu sola, masu alminiyom, masu buga takardu, masu ɗinkin kayan makaranta da na ma'aikata, waɗanda ke ɓata awoyi kowace rana suna lissafi a bayan kwali, suna yin kuskure, suna biyan kuskuren daga aljihunsu. A zaɓi sana'a guda, a koyi dokokinta kamar ɗan koyo, a gina mata tsarin ƙiyasi da ke aiki a ƙaramar waya, sannan a jona shi da shago idan lokaci ya yi. Wanda ya yi wa kantin sola ɗaya a Maraɗi aiki mai kyau, zai iya kai shi ga na Tawa, Agadas da Doso da gyara kaɗan, domin dokar bolt 24 ɗaya ce a ko'ina.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da cibiyar kasuwanci ta ƙasa suna da nasu rabon: su fitar da samfurin takardar ƙiyasi guda da kowa zai gane, cikin Faransanci da harsunan ƙasa, su kuma haɗa masu kantuna da ɗaliban da ke neman wurin gwajin aiki. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron bita guda a otal ba.

Matashin Tasawa bai nemi rangwame ba, bai nemi bashi ba. Abin da ya nema shi ne ya san kuɗin tun farko, kayan su dace da juna, wuta ta kama a ɗakin mahaifiyarsa ranar da aka ce. Kantin da ya iya ba shi wannan a rubuce, shi zai samu cinikinsa na gaba, da na abokan ɗakinsa a Abijan.